Wa Ya Ɗauki Sarƙar Amarya? Fashin Baƙi Kan Labaran Bincike Na Matasa a Najeriya

Shin ya dace a miƙa wa ɗan sakandare littafin da ya buɗe da sata, ko ɓacewar mutum, ko takardar gado da aka yi wa coge, sannan a ce yarinya 'yar shekara 15 ce za ta bi diddigin manya har ta gano mai laifi? Tambayar tana yawan tasowa duk lokacin da aka taɓo zancen abin da yara ke karantawa a waya. Wasu iyayen da sun ji an ce "labarin bincike" sai su haɗa shi kwando ɗaya da littattafan soyayya da finafinan daba, su ce duk kanwar ja ce. Wasu kuma suna ganin kayan Turawa ne da ba zai zauna a gidan Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo ba, tunda a nan yaro ba ya titsiye babba da tambaya.

Duka ɓangarorin biyu sun taɓo gaskiya, kuma duka sun bar wani abu a baya.

Mene ne labarin bincike, wane ne kuma matashin?

Labarin bincike ƙagaggen labari ne da aka gina kan tambaya guda wadda ba a san amsarta ba sai a ƙarshe. Abin ya riga ya faru kafin a yi nisa: kuɗin adashi sun yi ɓatan dabo, an tsinci wasiƙa babu suna, ɗan riƙo ya fita sallar asuba bai dawo ba. Daga nan sai labarin ya riƙa tafiya gaba yana tono baya. Akwai wanda ake zargi, akwai alamomin da aka bari, akwai alamar bogi da marubuci ya ajiye don ya kautar da hankalinka, akwai kuma mai bin sawu.

Sharaɗin da ya raba shi da sauran labarai shi ne adalci ga mai karatu. Duk abin da mai binciken ya gani, dole kai ma an nuna maka. In aka zo ƙarshe ka ce "kai, ai kuwa an faɗa tun shafi na 20, ni ne ban lura ba", to marubuci ya cika aiki. In kuwa aljani ne ya zo a mafarki ya tona asirin, ko boka ya duba ƙasa ya faɗi suna, an fita daga wannan fage an shiga wani.

Nan ne mutane ke rikicewa. Labarin tsere da fargaba, wanda ake bin jarumi da bindiga yana neman tsira, daban ne, shi tambayarsa "me zai faru?" Labarin ban tsoro na aljanu da matsafa shi ma daban ne. Na bincike tambayarsa "me ya faru, wa ya yi, don me?" Ana iya rubuta shi tun daga farko har ƙarshe ba a zubar da ɗigon jini ba.

Su kuma matasan da ake nufi, a wurin masu harkar ɗab'i, su ne 'yan shekara 12 zuwa 18 ko kusa da haka. Sun wuce tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ba su kai ga labarin zaman aure da kishi ba. Jarumin littafin sa'ansu ne, damuwarsa irin tasu ce: jarrabawa, abokai, kuɗin makaranta, faɗan da ake yi ƙasa-ƙasa a ɗakin iyaye wanda ake zaton ba sa ji. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su wuce shekara 18 ba, wannan ba ƙaramin rukuni ba ne.

Da gaske baƙon abu ne?

Siffarsa ta littafi daga waje ta zo, babu musu. Ana danganta farkonta da wani gajeren labari na Edgar Allan Poe a Amurka a 1841, ƙagaggen mai binciken nan Sherlock Holmes ya bayyana a Ingila a 1887, daga baya aka yi wa yara nasu jerin. Amma ɗabi'ar kamo gaskiya ta hanyar alama ba a jirgi ta sauka ba. Wanda ya tashi da kacici-kacici ya san daɗin a ba ka siffa ka nemo suna. Makiyayi da ya bi sawun saniyarsa har ya gane gurguwa ce ke gaba, bincike ya yi. Labaran alƙalai masu dabara da ke raba gardama da tambaya ɗaya sun cika bakin kakanninmu.

Ɗalibin Islamiyya ma ya san hujjar rigar Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi: aka ce a duba, in ta gaba ta yage ga mai gaskiya, in ta baya ce ga mai gaskiya. Ba ana kwatanta Alƙur'ani da ƙagaggen labari ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin nufi shi ne tunanin a bar hayaniya a dubi alama tsohon abu ne a tarbiyyarmu.

A rubuce kuma Najeriya ta jima da taɓa wannan fage. Chinua Achebe ya fitar da Chike and the River a 1966, labarin yaron da ke zaune a Anacha yana burin tsallaka kogin Neja, ya ƙare da tona asirin ɓarayi. A harshen Yarbanci, Oladejo Okediji da Kola Akinlade sun yi suna da labaran masu bincike tun daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970. Sai babbar guguwa: jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara a 1977, ƙananan littattafai masu shiga aljihu, marubutan Afirka, labaran fasa-ƙwauri da kisa da soyayya a Legas da Kano da Kaduna. Cikin marubutan farko har da Mohammed Sule, ɗan Kano. Wanda ya yi makarantar kwana a shekarun 1980 zai tuna yadda littafi ɗaya ke zagaye ɗakin kwana har bangonsa ya cire.

A Hausa, gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waɗanda suka karkata ga yawon duniya da tarihi. A farkon shekarun 1980 aka sami irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai magana kan fasa-ƙwauri da rashawa. Amma waɗannan na manya ne. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, soyayya da zaman aure suka mamaye rumfa. Gurbin ɗan shekara 14 mai son a ba shi ƙulli ya kwance, da harshensa, ya zauna kusan fayau.

Abin da ya sa gidanmu ya dace da irin wannan labari

Marubutan Ingila sukan sha wahalar ƙirƙiro dalilin da zai tara mutum goma a gida ɗaya a rufe ƙofa: dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ko jirgin ƙasa ya tsaya a daji. Marubucin Najeriya ba ya bukatar wannan wahala. Gidan gandu ya ishe shi. Ga maigida, ga uwargida da amarya, ga 'yan uba, ga agola, ga ɗan riƙo da aka kawo daga ƙauye, ga gwaggo da ta dawo zawarci, ga almajirin gida, ga kaka a ɗakinta tana jan carbi tana ganin kowa. Kowa yana da abin da yake so, kowa yana da abin da yake ɓoyewa, kuma ƙofar fita ɗaya ce, ta zaure.

Ɗauki misali. Ana gobe ɗaurin aure, sarƙar zinaren da ke cikin lefe ta ɓace daga akwatin da ke ɗakin uwargida. Kafin la'asar kowa ya yanke hukunci: yarinyar da ke aikin gida ce, ai ita ta share ɗakin. An zazzage jakarta, an ce za a ba ta Alƙur'ani ta dafa, wata na cewa a kira malam, wata na cewa a kira 'yan sintiri. Ƙanwar amarya, 'yar aji huɗu a sakandare, ita ce aka aika ta ɗebo kayan, ita kuma ta lura da abu biyu: kwaɗon akwatin ba a ɓalle shi ba, buɗe shi aka yi aka mayar, kuma kwalin sarƙar an mai da shi ƙarƙashin atamfofi, an jera su yadda suke. Ɓarawon da ke sauri ba ya jera kaya. Wanda ya yi wannan ya san inda makulli ke kwana, kuma yana da niyyar maido da abin kafin a farga.

Tun daga nan labari ya kama wuta, ba bindiga, ba gawa.

Me ya sa yarinyar ce za ta gani, ba manya ba? Domin matsayin ɗan shekara 13 zuwa 16 a gidajenmu matsayi ne na musamman. Rubutun "ba shiga" da ke bakin zaure na ƙarti ne. Yaro ana aikensa gida-gida, ya kai kuɗin adashi, ya karɓo ɗinki, ya kai tuwo maƙwabta. Yana shiga inda namiji babba ba ya shiga, yana zuwa kasuwa inda matar kulle ba ta zuwa. Manya suna magana a gabansa kamar bango ne, suna cewa "yaro ne, me ya sani?" Muna da karin magana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a kan nesa. Amma abin da ya faɗa ƙarƙashin gado, wanda ake sa wa shara ne ke ganinsa.

Akwai kuma ƙofofin da al'ada ta bari a buɗe. Jika yana wasa da kakarsa, yana iya jefa mata tambayar da ba zai taɓa yi wa uwarsa ba, ta amsa cikin tsokana, gaskiya ta fito a tsakiyar raha. Taubasai haka. Marubucin da ya san gida zai bi ta waɗannan ƙofofin. Wanda ya kwafo daga fim kuwa sai ka ga ya sa yarinya ta tsaya gaban mahaifinta tana cewa ina kake da ƙarfe tara na daren jiya, abin da ko a mafarki ba zai faru ba.

Ba Arewa kaɗai ba. Gidan haya mai ɗakuna fuska da fuska a Legas, inda iyalai goma ke raba banɗaki ɗaya, shi ma rufaffen fili ne. Haka komawar Ibo ƙauye a ƙarshen shekara, lokacin da rikicin filin gado ke tashi, da yaron da aka kai koyon kasuwanci wurin ubangida na shekaru. Makarantar kwana kuwa ba a magana.

Inda gizo ke saƙar: kunya da rufin asiri

A nan ne labarin bincike na Najeriya ya rabu da na Turai, kuma a ganina nan ne darajarsa take. A tsohon salon Ingila, mai bincike yana tara kowa a falo, ya nuna mai laifi da yatsa, 'yan sanda su tafi da shi, a rufe littafi. Gano gaskiya shi ne ƙarshe.

A gidanmu gano gaskiya rabin tafiya ne. Mu koma kan sarƙar nan. A ce yarinyar ta bi zare har ta gano yayanta ne, ɗan fari, ya ɗauki sarƙar ya jinginar don ya biya bashin cacar ƙwallo da ya ci a waya, yana sa ran fansowa kafin biki. Ko ma a ce mahaifiyarsu ce ta sayar a ɓoye ta biya kuɗin asibitin maigida, don kada dangin ango su san gidan ya karye. To, sai ta yi yaya? Wa za ta faɗa wa? Ta wane baki? In ta yi shiru, baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba za a kora da tambarin sata. In ta yi magana a tsakar gida, ta kunyata uwarta gaban kishiya da surukai, auren yayarta ma yana iya girgiza.

Muna roƙon Allah Ya rufa mana asiri kullum, kuma muna nufin abin da muke faɗa. Muna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Waɗannan ba munanan ɗabi'u ba ne. Su ne suka riƙe gidaje da yawa da ba don su ba da sun watse. Amma a ƙarƙashin inuwarsu ne kuma ake danne gadon marayu, ake rufe cin zarafin yarinya don "kada sunan gida ya ɓaci", ake ɗora laifi kan wanda ba shi da kowa. Labarin bincike na matasa yana sa mai karatu ya tsaya daidai wannan mararraba yana ɗan shekara 15, a cikin littafi, kafin rayuwa ta tsayar da shi a can da gaske.

Shi ya sa ƙarshen irin wannan labari a nan ba lallai ya zama ofishin 'yan sanda ba. Mutane da yawa ba sa kai maganar gida can, ko don rashin yarda, ko don gudun tonon silili. Hukuncin yakan faɗo a ɗakin kaka, ko gaban kawu, ko wurin mai unguwa ko liman. Marubuci nagari zai nuna wa aka wanke, wa aka rufa wa asiri, da kuma wanda ya biya kuɗin wannan rufin.

Abin da masu suka ke cewa, da amsar masu goyon baya

Masu suka suna da hujjoji uku da ba za a yi watsi da su ba. Na farko, tsoron kada yaro ya koyi dabarar laifi. Na biyu, kada ya koyi raina manya, ya riƙa kallon kowane kawu a matsayin wanda ake tuhuma. Na uku na addini ne: Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, ga shi kuwa jarumin littafin aikinsa ke nan, laɓe da leƙe.

Hujja ta farko ita ce mafi rauni. Yaron da ke riƙe da waya ya ga abin da ya fi haka kafin karin kumallo, kuma tsarin labarin bincike kansa yana tafiya ne zuwa ga ranar da ƙarya za ta ƙare. Ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, amma laifin marubuci ne in ya mai da duk manya wawaye ko mugaye. Littafi mai kyau yana da babban da yarinyar za ta jingina da shi.

Ta ukun ce mai nauyi. Masu goyon baya suna amsawa da cewa surar nan dai ita ce ta yi umarni a tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci, kuma ƙa'idar shari'a ce cewa hujja tana kan mai da'awa. Akwai bambanci tsakanin mai leƙen asirin maƙwabci don gulma da mai neman wanke wanda aka zalunta. Ni ina tare da wannan amsa, da sharaɗin littafin ya nuna bambancin a aikace, jarumar ta yi zaton banza a wani wuri, ta ji kunya, ta nemi gafara.

Kuma zancen bai tsaya a takarda ba. A watan Oktoba na 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu na jihar Ribas bayan an yi musu ihun ɓarayi. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bisa zargin da ba a tsaya tantancewa ba. Littafi ba zai hana irin wannan shi kaɗai ba. Sai dai yaron da ya saba, shafi bayan shafi, da ganin cewa wanda kowa ya nuna da farko sau da yawa ba shi ba ne, ya sami wani birki a ransa da taron jama'a ba ya bayarwa.

To me ya sa suka yi ƙaranci?

Kuɗi ne kan gaba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka durƙushe, jerin littattafan nishaɗi irin Pacesetters suka ja baya. Kamfanonin ɗab'i suka koma inda ciniki yake tabbas, wato littattafan manhaja. Masu satar fasaha suka cinye ragowar ribar.

Sai matsalar mai saye. Littafin matasa ba matashi ke biyan kuɗinsa ba, uba ne ko makaranta, su kuwa wa'azi suke nema. Hukumar JAMB tana ɗora wa masu neman shiga jami'a, fiye da miliyan ɗaya duk shekara, ƙagaggen littafi guda. Wannan babbar kasuwa ce, amma karatun jarrabawa ne, ana haddace sunaye don a ci maki. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai dala 100,000, tana zagayowa kan adabin yara sau ɗaya a shekara huɗu, kuma da Turanci ake shiga. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da marubuta mata da yawa, sai dai gajerun labarai ne ba na wannan rukuni kaɗai ba.

Akwai kuma wahalar aikin kansa. Marubutan Hausa na intanet suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, suna rubuta na gobe bayan sun ga martanin yau. Labarin soyayya yana jure wannan. Na bincike ba ya jurewa, don sai ka san ƙarshe kafin ka rubuta layin farko, ka dasa makullin akwati a babi na biyu don ya yi aiki a babi na ashirin.

Abin da wannan ke nufi ga iyaye, malamai da marubuta

Ga uwa ko uba, gwajin mai sauƙi ne, kuma bai wuce karanta babi biyu na farko da na ƙarshe ba. Shekarun jarumin nawa? Da hankali aka warware ƙullin ko da duka da tsafi? An yi wa laifin ado har ya burge, ko an nuna wanda ya cutu? Yawancin abin da ke yawo a waya babu alamar shekaru a kansa, labarin manya da na yara duk a rukuni ɗaya ake turo su, don haka sunan "bincike" kaɗai ba ya wanke littafi.

Ga malamin Hausa ko na Turanci, irin wannan labari kayan aiki ne da ba ya bukatar a roƙi ɗalibi ya karanta. A tsaya kafin babin ƙarshe, a raba aji gida uku, kowane rukuni ya faɗi wanda yake zargi ya kawo shafin da ya dogara da shi. Wanda ya ce "jikina ne ya ba ni" a ce masa ya koma ya nemo shafi.

Ga marubuci kuwa, kayan suna nan zube: takardar filin da ta ɓace bayan rasuwar maigida, saƙon karɓar kuɗi na bogi a shagon POS, sakamakon jarrabawa da aka sauya, hoton wata mata da aka tsinta a tsohuwar adakar kaka wadda duk gidan aka ƙi faɗin sunanta. Allura ce ke tono garma a irin waɗannan labarai. Abin da zai fi ba shi wuya ba ɓoye mai laifi ba ne. Shi ne babin da yarinyar za ta tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta yi sallama, amsar tana bakinta, tana neman kalmar da za ta fara da ita.